Ayashe ta Uku

Ku ɗiyana, da ku jikokina da kunka iya karatu tun da majina a hancinku, wanga babi ba na yabon kaina ba ne, don haka ku gyara zama. Kun tashi kuna jin mutanen Angwal Ƙirya in abu ya ɓaci suna cewa "Ayashe ta yashe mu", kuna dariya, kuna zaton da 'yar kawuna ake. Har akwai cikinku wadda ta ƙi gaida ɗiyanta a wurin biki, ta ce wai gidan masu ɓata iri ne. Na ji, na yi shiru, don akwai alkawari tsakanina da ita. To, ta rasu bara da kaka, alkawarin ya bi ta, bakina ya buɗe.

Kafin mu, Ayashe biyu anka yi a garinmu waɗanda har yau ake zancensu. Ta farin ba ta san salla ba, azna ce ta gaske, ban ɓoye muku. Shekarar da Nasara sunka biyo ta nan da bindiga, shekarar da anka ƙone garin Lugu, mutanenmu sunka watse cikin duwatsu. Kowace mace ta ɗauki abin da ranta ya fi so, wagga zannuwanta, waccan murjaninta. Ayashe ta goya tukunyar iri a baya kamar jinjiri, jinjirin nata kuwa ta rungumo shi a hannu. Har cikin gudu an yi mata dariya. Da anka dawo an iske rumbuna sun zama toka, murjani kuwa ko ka binne shi shekara goma ba ya tsirowa. Tukunyarta ce ta shibke garin, tafi guda-guda ta raba wa gidaje. Tsofaffi sun ce aljana doguwa ce ta raɗa mata a kunne. Ni na ce hankali ne, amma ban gardama da matattu. Tun ranar, gajeren hatsin nan namu mai gaggawa, wanda ake cin tumunsa na wasu bai ko yi ciki ba, ake ce masa ɗan Ayashe.

Ta biyu jikar ta farin ce, ita ce uwar babana, wadda muke ce ma Inna. Ungozoma ce, rabin garin ita ta yanke musu cibiya. Amma ba don wannan ake tuna ta ba. Shekarar da fara ta cinye gonaki, ana cin ganye da ɗiyan anza masu ɗaci, Inna ta zauna bisa tukunyar da taɓarya a cinya. Ƙanenta, uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo ya ce ta ɗiba masa tiya guda ya yi wa iyalinsa kunu. Ta ce a'a. Ya kai hannu, ta karya hannun. Har ya mutu hannun a karkace yake, kuma har ya mutu ɗan Ayashe yake shibkawa.

Ni anka haifa anka sa wa sunanta. Ayashe malam ya raɗa mini a kunne, da wannan suna anka yanka ragona. Amma kun san halinmu. Sunan uwar maigida ba ya fita daga bakin kowa a gidan, ko da kuwa a kan jinjira anka ɗora shi. Baba ba ya faɗi, uwata ba ta faɗi don sunan surukarta ne, 'yan'uwan baba ba su faɗi, garin ma duk ya bi sahu saboda girman Inna. Mai sunan Inna ake ce mini, har ya gajarce ya koma Maisuna. Ina iya tuna ranar da komin ƙidaya, malamin hukuma da ake ce ma mushe da Faransanci, ya zo ya kafa teburi ƙarƙashin ƙirya, ina riƙe da gefen rigar baba. Ya nuno ni da alƙalami.

"Wagga fa, mi sunanta?"

Baba ya dubi ƙasa. "Mai sunan Inna ce."

"Na ce maka mi sunanta?"

"Ai na faɗa maka, mushe. Mai suna ce."

Komi ya rubuta abin da kunnensa ya ji, ya ce a kawo na gaba. Baba ya dawo gida yana jin daɗi bai yi wa uwarsa rashin kunya gaban baƙo ba.

Kwana arba'in bayan haihuwata matar kawuna, ƙanen uwata, ta haihu. Wabi take yi, huɗu ta binne kafin wannan. Inna ce ta karɓi haihuwar, ta ga 'yar da ƙyar take motsi, ta hura mata a hanci har ta yi kuka. Sai sunka sa mata Ayashe, don godiya ga Inna, kuma don mutuwa ta ji an ce a yashe ta, ta raina ta, ta wuce. Su a gidansu Inna ba uwar kowa ba ce, sunan ba shi da nauyi a bakinsu. Danga guda ta raba mu. Tun safe ina ji ana kwaɗa kira: "Ayashe, taho ki ci tuwo! Ayashe, don ubanki ina kika kai akuya?" Har zaginsa suke yi, sunan da a gidanmu ko a mafarki ba a faɗi. Na yi shekaru in an kira sai na waiwaya, in ga ba da ni ake ba. Nan ƙyashina ya tsiro, tun ban san sunan abin da ke cina ba.

Da dogaran sarki sunka zo kamun yara zuwa lakwal, makarantar boko, kowane gida ya ɓoye wanda ya fi so. Inna ta jefa ni cikin rumbu ta rufe, ta ce magajiyar tukunya ba ta zuwa cin alli wurin Nasara. Gidan kawu kuwa sunka miƙa Ayashe, don har lokacin ba su yarda za ta rayu ba. Kun gani ko? Ni so ya rufe ni cikin rumbu, ita rashin sa rai ya kai ta Dogon Dutsi, daga nan Dosso, daga nan Yamai. Na zauna gindin Inna ina koyon aiki. Ta koya mini shiga gona kafin girbi in zaɓi zangarniyar da ta cika har hanci, wadda cutar domana ba ta taɓa ba. A murza ta da hannu, ba a kai ta turmi. A cuɗe ta da tankaɗaɗɗiyar toka don ƙwari, a cika tukunya, a liƙe baki da laka. Tukunya uwa ce, ba a taɓa ta sai gari ya rasa. Sauran iri a ƙaramin rumbu yake, shi ake ba wa mai nema. Ran da Inna za ta cika, ta kama hannuna ta ɗora bisa tukunyar, ta kira ni da sunana na gaske. Ita kaɗai ke da ikon faɗinsa, nata ne. Sau ɗaya ke nan na ji shi a gidanmu.

Ni ma tawa shekarar ta zo. Babbar yunwar nan da anka ci jar dawa ta agaji, babanku ya tafi kurmi, can kudu, neman abin da za a ci, ya bar ni da ku huɗu. Ƙaramin rumbu ya ƙare, tukunya na nan cikin ɗaki a liƙe. Sani, kai ba ka tunawa, amma ka kwana uku kana lasar lakar bakinta. Rabi ƙanwarka a shekarar ta rasu. Dusa ce, wato ƙyanda, ta kashe ta, haka likita ya ce, kuma na yarda. Amma har yau ban san ko da na fasa lakar nan na dama mata kunu da jikinta ya yi ƙarfin tashi ba. Da ruwa ya sauka na fasa, na raba tafi guda-guda kamar yadda ta fari ta yi. Garin ya shibka. An ce Maisuna ta yi ƙoƙari, Allah shi yi mata albarka. Shi ke nan. A shekarar nan 'yar kawuna tana Yamai tana cin shinkafa da cokali.

Yanzu ga shekarar da nake son ku ji. Na haura arba'in, furfura ta fara leƙowa, sai ga Ayashe ta dawo Dogon Dutsi da aikin wani furoje, wato shirin taimakon noma. Moto gare ta, wato babur, da tabarau, ana ce mata Madan Ayashe. Ban yi mata ƙarya, ba ta da girman kai. In ta zo garinmu ɗakina take fara sauka, ta cire takalmi ta sha fura a ludayina. Taubashiyata ce, ita ɗiyar namiji ni ɗiyar mace, baiwarta take ce mini, ni kuma in ce mata ragowar mutuwa. Ita ce ta kawo mana makarantar yaƙi da jahilci, ita ce ta matsa mini har na shiga, ta saya mini allo da alli. Wannan ma ban yafe mata ba da wuri, don duk harafin da na koya sai in ji kamar daga tafinta na lasa.

Wata huɗu muna yi, malamarmu ta ce kowace ta kawo kartin shaidarta, za mu koyi rubuta sunanmu yadda hukuma ta san shi. Na daɗe da kartin nan cikin adudu, ina zaton duk abin da gari ya ɓoye takarda ta adana mini. Na kafa yatsa ina bin haruffa. Na nemi A a farko, na iske M. Na ce wa malama an yi kuskure, ta duba ta ce babu kuskure, Maisuna Gado, ga shi da rubutun Faransi. Sai teburin komi ya dawo mini, da baba yana duban ƙasa. Matan aji suna ta murna kowace ta ga sunanta, ni na naɗe kartin na tura cikin lalita.

Ba a yi wata ba furoje ya gama gina mangaza, ɗakin ajiyar iri, a bakin hanyar mota, aka kafa allon ƙarfe a gabanta. Wasu baƙi daga Yamai sun zo sun zauna da tsofaffi, an ba su labarin Ayashe biyu. Ni ranar ina gona, ba wanda ya aiko kirana. Ina dawowa daga rijiya da tulu a kai na tsaya gaban allon, na ce bari in gwada karatuna, don da Hausa anka rubuta. Shi ne abu na farko da na taɓa karantawa ni kaɗai ba malama kusa. Na haɗa haruffa da ƙyar, leɓena na motsi. Ayashe ta fari, wadda ta goya iri. Ayashe ta biyu, wadda ta tsare iri. Na ce ashe dai an san da ni. Ayashe ta uku, wadda ta kawo iri ga zamani. Ga hoto a ƙasa, da tabarau, tana murmushi. Ban san lokacin da ruwan tulu ya jiƙe mini baya ba.

Bayan kwana biyu ta zo, ta jingine moto ta shigo tana kiran baiwarta.

Na ce, "Na ga allonku."

"Kai, madalla! Ashe karatu ya kama. Kin ga amfanin uwargijiyarki."

"Na ga hoto ma. Ta ukun nan, wace yunwa ta tsare?"

Ta yi dariya. "Haba Maisuna, baƙin Yamai ne sunka yi abinsu. Sun ji sunana sun ce ga ta uku, labari ya yi musu daɗi. Ƙarfe ne da fenti. Ke da ke da tukunya, mi za ki yi da allo?"

"In ba komi ba ne, a cire shi."

"Manya za su zo gani da kaka, ba a cirewa yanzu. Kuma ko na ce a sa ki, da wane suna za a sa? Kartinki Maisuna ya ce."

Da wasa ta faɗa, irin na taubasai, tana kaɗa fura. Ba ta san inda ta taka ba. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta: buhu guda na ɗan Ayashe take so, na ƙaramin rumbu, a buɗe mangaza da shi. Ta ce akwai gonar gwaji a bakin hanya, nan manya za su tsaya su gani. Na ce ta dawo bayan kasuwa.

Ranar kasuwa na hau motar Dogon Dutsi. Na wuce masu hatsin ƙasarmu, na je wurin masu kawo na kudu, inda damina ke daɗewa, na sayi buhu guda na mai dogon kwana, irin wanda sai ya sha ruwa wata huɗu yake fidda kai. Na kawo gida na tankaɗe toka na cuɗe shi sarai, yadda Inna ta koya mini. Hatsi in ya sha toka duk kamarsa guda, ko uwarsa ba ta gane shi. Ba shaiɗan ba ne ya ruɗe ni, kada ku ɗora masa. Da hankalina na yi, ina tankaɗe ina jin daɗi. Abin da na hango kawai shi ne gonar gwaji tsaye kore shar babu zangarniya ko guda, manya sun sauko daga motoci, ta uku tana ta share tabarau. Ta zo ta ɗaure buhun a bayan moto, ta ce Allah shi bar mana ke, ko buɗewa ba ta yi ba. Wa zai binciki irin da ya fito daga hannun magajiyar tukunya?

Akwai wata Bafillata, Kumbo, da ke kawo mini nono daga rugar bayan fako. Shanunsu sun ƙare a shekarun fari, saura saniya guda gare ta, mijinta ya rasu, sun fara koyon noma ala tilas. Kun san Ba'are irinmu da Bafillace ba su haɗuwa ba su taɓa juna da wasa ba. Kwana ashirin bayan shibka ta shigo da ƙwarya a kai, bakinta har kunne.

"Ba'ara, baiwar Fulani, bana na ƙwace miki sana'a. Ki nemi sanda ki koyi kiwo."

Na ce, "Ke da ba ki san gaban hauya da bayanta ba? Mi kika shibka, tsakuwa?"

"Ɗan Ayashe, wallahi! 'Yar kawunki ta ce gonar gwaji tiya biyu ta ishe ta, sauran ta raba muna, mu gida tara na ruga. Ta ce wanga iri ko ruwa ya gudu ba ya ba mutum kunya. Ban ma haɗa shi da wani ba."

Ku saurara da kyau, don nan ne laifina na gaske. Na farkon ƙyashi ne, kuma ƙyashi makaho ne. Amma a wannan rana idona biyu. Ɗan Ayashe na gaske yana nan cikin ƙaramin rumbu, taku goma daga inda Kumbo ke zaune, kuma kwana ashirin ba su wuce masa ba, da an sake shibka da ya riski damina. Abin da kawai zai ci mini shi ne in buɗe baki in ce ni Maisuna na yi ha'inci da toka. Na dubi rumbu, na dubi Kumbo. Na ce mata nonon yau ya yi ruwa. Ta ce bakina ne ya tsufa. Munka yi dariya, ta tafi. Na ce wa raina wataƙila damina ta daɗe bana, Allah shi rufa asiri.

Hatsin ruga ya tashi kamar ba gobe, ya fi na kowa tsawo da duhun ganye, Fulani na ta kiran mutane su zo kallo. Namu ya fidda kai, munka ci tumu, nasu yana ta tsawo. Na hangi Ayashe wata rana ta tsaya a gefen gonar Kumbo, ta tsaga kara guda ta duba cikinsa, ta daɗe tsaye. Ba ta biyo ta ɗakina ba ranar, ba ta kuma biyowa ba duk daminar. Ruwa ya ɗauke da wuri. Gida tara sun girbe kara.

Kumbo ta sayar da saniyar, sunka ɗaura kaya za su yi kudu wurin danginta. Na ɗora damma biyar na hatsi bisa jaki na kai mata. Ta riƙe hannuna tana ta godiya, ta ba ni ƙwaryar nononta ta ce ba ta da abin zubawa cikinta yanzu.

"Gaskiyarku ce, Ba'ara. Bafillace ba ya noma. Iri mafi kyau anka ba ni, hannuna ne ba shi da albarka."

Na karɓi ƙwaryar. Ita ce waccan da ke rataye a ɗakina, wadda nake hana ku taɓawa. Na yi cigiyar Kumbo wurin masu zuwa kudu shekara da shekaru, ban sake jin ɗuriyarta ba.

Laifi ya faɗa kan Madan. An ce ta sayar da irin kirki ta sayo na banza, an ce 'yan lakwal ba su san hatsi ba sai a takarda. Manya ba su zo ba, an tuge allon, furoje ya sallame ta. Nan anka fara cewa Ayashe ta yashe mu. Ni kuma saboda damma biyar ɗin nan gari ya juyo kaina da yabo. Wata tsohuwa ta tsayar da ni a rijiya ta ce ai kowa ya san wace ce ta ukun ta gaske. Maganar da na yi shekara arba'in ina jira ke nan. Ta zo, na tauna, toka ce. Kuma sunan da yara ke waƙar zambo da shi a dandali nawa ne, na Inna ne, na wadda ta goya tukunya cikin gudu.

Na haƙura wata biyu, na kasa. Na tafi Dogon Dutsi da hantsi, kabu-kabu ya kai ni ƙofar gidanta. Na iske ta a tsakar gida tana tsinkar zogale, babu tabarau, ta rame. Ta tura mini kujera da ƙafa.

Na ce, "Na zo in faɗa miki wata magana."

"Na kudu ne, mai wata huɗu. Tun da na tsaga kara na gane. Kin iya cuɗa toka, baiwata."

"Kin sani, kika yi shiru anka kore ki?"

"Lokacin da na gane, shibka ta wuce. Faɗin mi zai tsirar?"

"To ni zan faɗa. Gobe zan tsaya gaban maigari."

Ta aje tiren zogale ta dube ni. "Ba ki faɗi. Ni 'yar biro ce, mai aikin ofis, in an ce na yi ƙarya ba wanda zai yi mamaki, gobe a aiko wata. Ke in an ce magajiyar tukunya ta ba da irin ƙarya, wa zai sake karɓar tafi guda daga hannunki? Ran da yunwa ta dawo kowa ya ci nasa, tukunya ta mutu. Sunana ya ɓaci, ɗan Ayashe ya rayu. Ki rantse mini, muddin ina da rai."

"Sunanki? Nawa ne! Aro anka ba ki!"

"Na sani. Da na ce a cire allon nan tun ranar, da ba mu zo nan ba. Daɗinsa na ji, ban ɓoye miki. Ni da anka ce a yashe, ga ni bisa ƙarfe." Ta ɗauki tirenta. "Rantse, Ayashe."

Tun rasuwar Inna ba wanda ya kira ni haka. Na rantse. Kuma kada ku zaci na fito gidan nan da zuciya fara. Na fito ina cizon yatsa, don ta sake riga ni. Ta fari ta goya, ta biyu ta karya hannun ƙanenta, ni na binne Rabi, amma ita ce ta zauna bisa tukunya da mutuncinta, ba ko taɓarya. Har haƙurinta na yi wa ƙyashi. Shekara ashirin da wani abu ta yi tana sayar da zogale da ƙuli a bakin tasha, tana koya wa ɗiyan maƙwabta karatu, in na je ta ce baiwarta ta zo, in ce ragowar mutuwa ba ta mutu ba har yau. Ba mu sake tada zancen ba. Damina ta gaba na kai ɗan Ayashe na gaske ga gida huɗu da sunka rage a ruga, da hannuna, kuma sun karɓa don daga hannuna ya fito. Gaskiyarta ce ke nan, wannan ma ya ba ni haushi.

Yanzu iri ya bazu, kowane gida na da nasa, har Kiyeshe da Tibiri ana shibka shi, tukunya ba ta tsoron gaskiya. Na je na faɗa wa ɗiyanta kafin in rubuta muku, babbar ta yi kuka ta ƙi dubana, kuma tana da hakki. Wadda ta ƙi gaida su a biki ta san kanta, ta shirya ta je ta durƙusa.

Saura magana guda. Sani, an yi maka 'ya watan jiya ka sa mata sunana, na gode. Amma na ji matarka tana ce mata Maisuna, kai kuma kana duban ƙasa kamar kakanka. Ban yarda ba. Na yafe muku wagga kunya duniya da lahira. Ku kira ta Ayashe da ƙarfi, a ji ta bayan danga, in ta ɓatar da akuya ku zage ta da shi. Ran da za a yi mata takarda ni zan je meri, ofishin magajin gari, da kaina in tsaya kan mai rubutu, yanzu na san A na san M. In ta girma ta tambayi masu sunanta, ku ce mata ta fari ta goya iri, ta biyu ta tsare shi, ta uku kuwa mu biyu ne, guda ta ɓata guda ta biya. Ku faɗa mata wace ce wace, kada ku rage mini komi. Amma wurin jerawa ku fara da ni. Na girme ta da kwana arba'in.